Arba'in ɗin Baba Sake

Shekara talatin da uku maigidana ya yi yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata kwalejin kimiyya, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa tsayawa gaban allo ba. Shi ne mai haɗa sinadarai tun kafin ɗalibai su shigo, shi ne mai jera kwalaben gwaji, shi ne mai wanke su idan an tashi. Malamai su zo su yi bayaninsu su kama gabansu, a bar shi da yara sittin masu rawar hannu. Idan ɗalibi ya kawo masa sakamako, sai ya ɗaga kwalbar wajen hasken taga, ya dube ta, ya dubi takardar, ya faɗi kalma ɗaya: sake. Daga nan sunan ya bi shi. Baba Sake suke ce masa tun kafin ya yi furfura ko ɗaya. Ni dai Malam nake ce masa. Shi kuma idan tsokana ta motsa sai ya ce mini Tela, domin ɗinki ne sana'ata, kekena ma yana nan a falo kusa da taga.

Zama da irinsa sai da haƙuri, ba zan ɓoye ba. Mutum ne da idan ka ce masa ƙarfe uku ta yi, sai ya duba agogo kafin ya yarda. Na taɓa ce masa yarinya tana da zazzaɓi, ya tambaye ni nawa, kamar wani farashin kaya. Amma a shekara arba'in da muka yi tare ban taɓa kama shi da ƙarya ba, ko irin 'yar ƙaramar nan da ake yi wa maƙwabci don a zauna lafiya. Wannan ne ya sa nake jin haushin yadda kwalejin ta sallame shi. Malamai da yawa sun zama manya da gwaje-gwajen da hannunsa ya haɗa, a ƙarshen takardunsu kuwa sai su rubuta cewa suna godiya ga ma'aikatan ɗakin gwaji, a dunƙule, kamar suna gode wa kujeru. Ranar da ya yi ritaya suka ba shi agogon bango. Wata uku ya yi ya tsaya. Shi ko a jikinsa, ni ce abin ya tsaya wa a rai, na kuma ci alwashin sai na ga ranar da za a yaba wa mutumin nan a bainar jama'a, ko sau ɗaya ne.

Ritaya ba ta karɓe shi ba. Satin farko ya gyara duk famfunan gidan, har da waɗanda ba su lalace ba. Sati na biyu ya shiga ɗakin girkina. Na dawo daga kai ɗinki na tarar kowace roba da kowane gwangwani an manna masa farar takarda da salatif, an rubuta abin da ke ciki da ranar da aka buɗe shi. Har gishiri. Na kira autarmu a waya na ce mata ta zo ta ɗauke ubanta ko ta samo masa abin yi, in ba haka ba ɗayanmu zai bar wa ɗaya gidan.

Auta ce ta kawo tsohuwar kwamfutarta ta nuna masa kundin sanin nan na intanet, wanda 'yan sa-kai ke rubutawa, kowa kuma yana iya shiga ya gyara. Ta buɗe masa ɓangaren Hausa, ta ce ya nemi wani abu da ya sani. Ya nemi inzayim, wato sinadaran nan na jikin mai rai da ke sa abubuwa su narke ko su haɗu da sauri. Layi biyu ya tarar, ɗayan ma ba daidai ba ne. Na ga ya gyara zama, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Daga ranar gishirina ya huta.

A can ya haɗu da mutanensa. Su 'yan ƙalilan ne da suka ɗauki nauyin maƙalolin ilimin halittu da na sinadaran jiki. Akwai wata likitar dabbobi, ita ce kamar shugabarsu, ko da yake ba wanda ya naɗa ta. Tana rubutu ne tsakanin duba saniya da duba akuya. Akwai wani malamin sakandare da suke kira Mai Alli, mutum mai ladabi da naci, wanda ba ya iya ganin jimla a tsaye ba tare da ya nemo mata madogara ba. Akwai kuma wani mai yi musu zane-zane da har yau ba wanda ya san fuskarsa. Ba su taɓa zama a ɗaki ɗaya ba. Kowace maƙala tana da wani shafi a bayanta inda suke tattaunawa, nan suke gaisawa, nan suke musu, nan suke yi wa juna barka idan an yi haihuwa. Sunan da Malam ya yi rajista da shi kuwa, ba sai na faɗa ba, Baba Sake ne.

Dokarsu babba ita ce ba a rubuta abu daga kai. Ko kai ka ƙirƙiro ilimin, sai ka nuna littafi ko mujallar da aka buga shi, da lambar shafi. Da farko wannan ya ba Malam wuya. Ya rubuta abin da idonsa ya gani sau dubu, washegari ya tarar an manna masa 'yar alama cewa ana buƙatar madogara. Ya yi ta ƙunƙuni a kan shayi, wai yaran da ba su taɓa wanke kwalba ba ne za su tambaye shi hujja. Na ce masa to yau ka ji yadda sake take a kunne. Bai yi dariya ba, amma kafin shekara ta zagayo ya fi su duka tsanani. Ya kwaso tsofaffin littattafansa daga cikin kwali ya jera su a kan teburin cin abinci, mu kuma muka koma cin abinci a ƙasa. Aikinsa daga ƙarfe takwas na safe ne zuwa azahar, kamar dai bai yi ritaya ba, da yatsa biyu yake buga rubutun, ni ina taka keke shi yana ƙwas-ƙwas.

A cikin duk abin da ya rubuta, maƙalar da ya fi so ita ce ta inzayim ɗin yawu, wanda ke fara narkar da sitaci tun abinci yana baki. Ita ce ta farko da ya ɗauka da gaske, domin gwajin da ya fi kowane haɗa wa ɗalibai ke nan: a zuba ruwan sitaci a kwalba, a ƙara yawu, a ajiye cikin ruwan ɗumi, a riƙa ɗiga aidin ana kallon yadda shuɗin ke raguwa har ya ɓace. Na tuna ranar da yake fara rubuta ta. Ya rasa yadda zai bayyana aikin sinadarin da Hausa mai sauƙi, sai ya juyo ya yi mini bayani, wai sitaci dogon jeri ne, shi kuma inzayim yana bi yana tsinka shi gunduwa-gunduwa. Ina riƙe da rigar wata da na yi wa kuskuren hannu. Na ce masa wato kamar yadda tela ke farke ɗinki, ba ya yaga yadi, zaren yake bi yana tsinkawa. Ya dube ni ta saman tabarau, ya juya ya rubuta. Ya ce na samu shiga kundin sani.

Shekara huɗu suna gina maƙalar nan su huɗu. Daga layi goma ta kai abin da in an buga zai cika shafi tara, da zane-zane masu launi, da madogara arba'in da shida. Sai likitar dabbobi ta gabatar da ita don a ba ta tauraro. A kundin akwai wani ɗan tauraro da ake sa wa maƙalar da ta cire tuta, bayan sauran 'yan sa-kai sun karanta sun kaɗa ƙuri'a, sannan a ɗora ta a shafin farko kowa ya gani. A ɓangarensu na kimiyya ba a taɓa samun ko ɗaya ba. A takardar gabatarwar ta rubuta a fili cewa kashi mafi yawa aikin Baba Sake ne. Auta ta karanta mini wannan layin a waya sau biyu, na sa ta ƙara na uku.

Ƙuri'a sati biyu za ta yi a buɗe, a rufe ranar Juma'a. Tun a satin farko na je na sayo firam irin na rataya hoto, mai baƙin gefe, na ɓoye shi a ƙarƙashin yadudduka. Niyyata ranar da tauraron ya fito in sa Auta ta bugo mini shafin a takarda, in sauke mataccen agogon nan, in rataya shi a wurin. Mutum goma sha ɗaya suka kaɗa ƙuri'a, duk sun amince.

Shi kuwa Malam, maimakon ya zauna ya jira, sai ya ce ba zai bari a sa tauraro a kan madogarar da bai riƙe da hannunsa ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe kowane littafi a shafin da aka ambata, ya sa alama da fensir a jerinsa. Arba'in da biyar suka wuce lafiya. Ta ƙarshe wani ɗan littafin bita ne da Hausa, na ɗaliban da ke shirin jarrabawa, wanda Mai Alli ya samo shekara biyu da suka wuce. A maƙalar akwai jimlar da ta ce inzayim ɗin yawu ya fi aiki a zafin digiri arba'in. Ta daɗe a tsaye ba madogara, sai Mai Alli ya ci karo da littafin nan, ya ga shi ma arba'in ya ce, ya manna shi yana murna. Malam ba shi da littafin, don haka Mai Alli ya aiko masa da nasa, ya iso ranar Litinin da hantsi.

Da ya ga sunan marubucin sai fuskarsa ta washe. Ya ce ai Dogo ne, wani tsohon ɗalibinsa da ya taɓa sa ya maimaita gwaji ɗaya sau bakwai, yanzu ga shi ya zama malami har yana rubuta littafi. Ya buɗe shafin, ya ce in saurara in ji yadda yaronsa ya iya bayani. Ya fara karantowa da ƙarfi, ni ina yanka wuyan riga. Ya karanta zafin digiri arba'in, ya gyaɗa kai. Ya ci gaba: aikin wannan sinadari kamar yadda tela ke farke ɗinki ne, ba ya yaga yadi, zaren yake bi yana tsinkawa.

Na ajiye almakashi. Na ce, "Malam, wannan ai maganata ce."

Ya ce wace magana. Na ce ta farke ɗinki, a nan wurin na faɗa masa ita, ina riƙe da rigar matar mai kanti. Da wasa na faɗa, har ina cewa Dogo ya biya ni ladan fasahata. Amma da na ɗago na ga ba ya tare da ni. Ya juya littafin ya duba shekarar da aka buga shi. Ya jawo kwamfuta ya buɗe tarihin maƙalar, inda ake ganin kowane gyara da ranarsa da wanda ya yi shi. Jimlar tela tana nan, shekara huɗu da suka wuce, da sunansa. Jimlar digiri arba'in ma tana nan, rana ɗaya, da sunansa. Littafin kuwa bayan shekara biyu aka buga shi. Wato ba littafin ne ya gaskata Malam ba, Malam ne ya gaskata kansa ta bakin Dogo.

Ya tashi ya ɗauko wani babban littafinsa mai nauyin bulo, ya buɗe. Ya ɗauko na biyu. Duk biyun talatin da bakwai suka ce, zafin jikin mutum. Ko ni da ban yi kimiyya ba na san wannan lambar daga katin asibiti. Ya rufe littattafan ya zauna. Can ya ce, a hankali, "Bahon ne."

Sai da ya yi mini bayani na gane. A ɗakin gwajinsu akwai wata na'ura kamar ƙaramin baho, mai ɗumama ruwan da ake jera kwalabe a ciki, da abin murɗawa mai lambobi a gefe. Tun zuwansa ya auna da ma'aunin zafi ya gano cewa lambobin suna ƙarin digiri uku: idan kana son talatin da bakwai, sai ka murɗa zuwa arba'in. Ya rubuta wa hukumar kwalejin a canja ta, ba a canja ba. Shekara talatin da uku kenan yana murɗa ta zuwa arba'in kowace safiyar gwaji, yana ce wa ɗalibai su bar ta a arba'in. Lambar ta bar kansa ta koma hannunsa. Ranar da ya zauna rubutu, a watanninsa na farko kafin dokar madogara ta shige shi, hannun ne ya rubuta. Bayan haka ya karanta jimlar ya fi sau ɗari, idonsa bai taɓa tsayawa a kanta ba.

Nan ne na yi abin da ba na alfahari da shi. Na ce masa digiri uku ne fa, ba wanda ya mutu. Na ce ya shiga ya mayar da lambar talatin da bakwai, ya sa babban littafinsa, ya yi shiru da bakinsa, a yi ta ta ƙare. Kwana huɗu suka rage. Na roƙe shi, na haɗa da ɓacin rai, na tuna masa agogo. Kuma abin da ban taɓa gani ba ya faru, Malam ya ji maganata. Ya gyara lambar, ya cire littafin Dogo, ya sa nasa, a wurin bayanin gyara ya rubuta kalma biyu kawai, gyaran lamba. Ranar bai ci abincin rana ba.

Kafin la'asar Mai Alli ya gani. Bawan Allah, da ladabinsa, ya rubuta wa Malam cewa ya ga Baba ya cire madogara ba tare da dalili ba, kuma Baba ne da kansa ya koya musu cewa ba a yin haka. Tunda littattafai sun saɓa, in ji shi, adalci shi ne a kawo duka biyun. Ya gyara jimlar ta koma cewa wasu masana sun ce talatin da bakwai, wasu kuma sun ce arba'in. Har ya ƙara da addu'ar Allah ya ƙara wa Baba lafiya.

Malam ya karanta, ya juyo da kwamfutar wajena. Ya ce, "Kin gani, Tela? Bahona ya zama wasu masana."

Dariya ta so ƙwace mini, na danne. Na ce ya bar shi haka mana, ai yanzu gaskiyar tana ciki. Ya ce tana ciki, amma tana zaune kujera ɗaya da ƙarya, kuma shi ya kawo ƙaryar. Ya ce littafin nan madogara ne a wasu maƙaloli shida, ya duba, kuma ba wanda ya san me da me Dogo ya kwasa daga wurinsu suka dawo suka karɓa. Ba yadda za a cire shi sai an faɗi dalili, dalilin kuwa shi ne. Na ce idan ya faɗa za su dakatar da ƙuri'ar. Ya ce ya sani. Na ce shekara talatin da uku yana yin daidai ba wanda ya rubuta sunansa, yanzu kuskure ɗaya zai ɗauka ya rubuta sunansa a kai da hannunsa, inda duniya za ta gani kuma ba ya goguwa. Na tashi na jawo firam ɗin daga ƙarƙashin yadudduka na ajiye masa a kan littattafansa.

Ya daɗe yana kallonsa. Ya shafa gilashin da babban yatsa. Na san ya gane ko na mene ne, na kuma ga a fuskarsa cewa shi ma yana son tauraron nan, fiye da yadda ya taɓa nunawa. Wannan ya fi komai karya mini zuciya, domin da na ɗauka ni kaɗai ce mai kwaɗayin. Ya ce, "Yara dubu nawa na mayar da kwalba a hannu saboda abin da bai kai wannan ba? Wasu har da kuka. Idan na yi shiru yau, zaluntarsu na yi."

Na koma kan keke na yi ta takawa, ɗinkin ma sai da na farke shi daga baya.

Washegari Talata ƙarfe takwas ya zauna, ya yi wanka ya sa riga mai guga kamar mai zuwa ofis. Awa biyu ya yi a kan layi shida. Ya sa su a shafin ƙuri'ar, inda kowa zai gani:

"Lambar nan arba'in ni na rubuta ta shekara huɗu da suka wuce, daga kaina, ba daga littafi ba, kuma kuskure ce. Littafin bitar da muka dogara da shi daga shafinmu ya kwafa; ku duba shekarar da aka buga shi, ku duba tarihin maƙalar. Jiya na yi ƙoƙarin gyarawa a ɓoye, wannan ma kuskure ne. Ina roƙon a dakatar da ƙuri'a, a cire littafin daga nan da sauran maƙaloli shida, a sake duba duk abin da na rubuta a shekarata ta farko. Mai Alli ba shi da laifi, abin da na koya masa ya yi."

An dakatar da ƙuri'ar a ranar. Ba duka ne suka yi masa da sauƙi ba. Wani da ba ya cikinsu ya rubuta cewa abin kunya ne a ce mai takura wa mutane shi ne ya shuka ɓarna, Malam ya karanta ya ce gaskiya ya faɗa, ni kuwa da na san gidansa da ya gan ni. Mai Alli ya yi ta ba da haƙuri kamar shi ya yi laifin. Likitar dabbobi ba ta yi dogon zance ba, ta raba maƙalolin shekararsa ta farko gida huɗu, kowa ya ɗauki nasa. Wata biyu suka yi suna tankaɗe. Sun sami wasu kurakurai biyu ƙanana, ɗaya nasa, ɗaya nata. Daga nan ta ƙara doka a shafin ƙungiyarsu, cewa kafin a dogara da littafi a duba ko ya girmi maƙalar ko maƙalar ce ta girme shi. Dokar baho suke ce mata, kuma duk sabon da ya shigo sai an ba shi labarin, da sunan Baba Sake a ciki.

Saura Dogo. Malam ya nemo lambarsa ya kira shi, bai ce masa komai ba sai dai yana son ganinsa. Ya zo wata Asabar da safe, ya sunkuyo ya shigo ƙofa, mutum mai iyali da furfura a gemu, amma ya ƙi zama a kujera, a ƙasa ya zauna. Malam ya buɗe masa littafin da tarihin shafin, ya yi masa bayani tun daga baho. Ya tambaye shi me ya sa ya kwafi abu daga intanet ya buga ba tare da ya duba ba, shi da ya san ba haka aka koya masa ba.

Dogo ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Baba, wallahi duk sauran na duba su. Wannan na buɗe tarihin na ga sunanka ne. Na ce abin da Baba Sake ya rubuta ai an gama dubawa."

Na kalli Malam. Bakinsa ya motsa, kalmar nan tasa ta zo har leɓe, ba ta fito ba. Ya cire tabarau ya yi ta gogewa da gefen riga, alhali ba abin da ya same su. Ni na tashi na shiga ɗakin girki, wai zan ɗora shayi, na tsaya gaban gwangwanayen nan da har yau takardunsa ke manne a jiki na yi kukana. Yabon da na yi shekaru ina nema masa ne ya shigo har falona ya zauna a ƙasa, kuma shi ne ya fi komai yi masa ciwo.

Akwai sauran littattafai ɗari shida a wurin Dogo da ba a rarraba ba. Suka shirya a bugo gyaran a 'yan ƙananan takardu a manna a kan layin, waɗanda suka riga suka fita kuma a aika wa makarantun da wasiƙa. Yankan takardun ni aka bar wa, da almakashina na yadi wanda ba na bari ko Auta ta taɓa. Kwana uku muka yi a kan teburin, ni ina yanka, shi yana shafa gam yana mannawa. Goman farko da na yanka sai da ya ɗauko rula ya auna su. Ya ɗago ya buɗe baki. Na nuna shi da almakashin na ce ya faɗa ya gani. Ya mayar da rular aljihu.

Tauraron ya zo daga baya, bayan wata biyar, da aka sake gabatar da maƙalar. Bai ma gaya mini ba, Auta ce ta kira. Na sa ya nuna mini, na ga ɗan abu ne a kusurwar shafi, bai kai maɓallin rigar jariri ba. Na yi murna, ba zan ce ban yi ba. Amma da Auta ta tambaye ni ko ta bugo shafin, na ce mata a'a, wancan za ta bugo mini, mai layi shida.

Shi na sa a firam. Na sauke agogon na rataya shi a wurin, ranar da Malam ya fita aski. Da ya dawo ya tsaya a gabansa, hannu a baya, ya karanta daga farko har ƙarshe kamar bai san wanda ya rubuta ba. Ya ce mutane suna rataya takardar yabo, ni kuma na rataya masa takardar laifi. Na ce bangona ne. Ya ƙara tsayawa kaɗan. Sannan ya miƙa hannu ya ɗaga gefen hagu na firam ɗin, domin ya ɗan karkace, ya koma kan teburinsa ya buɗe kwamfuta.